A Mayar da Alƙali Aji? Ƙwarai Kuwa

Na san halinku. Da jin an ce za a tara alƙalai a karantar da su yadda fushi da son kai na ɓoye ke kutsawa cikin hukunci, kun taɓe baki: "Mutumin da ya yi furfura a kan kujerar shari'a za a koya wa adalci? Hanyar cin alawus ce kawai." To, ku gyara zama.

A Jamus, a wani bincike na 2006, an ba masana shari'a takardun ƙarar wata mata mai ɗauke-ɗauke a kanti, aka ce kowa ya jefa ƙwayoyin ludo kafin ya yanke. An riga an yi wa ƙwayoyin dabara, 3 ko 9 kaɗai suke bayarwa. Waɗanda suka ga 9 sun yanke kusan wata 8, masu 3 kuwa kusan wata 5. Laifi ɗaya fa!

A jihar Luwiziyana ta Amurka kuma, an gano cewa a makon da ya biyo bayan ranar da ƙungiyar ƙwallon jami'ar jihar ta sha kashi ba zato, alƙalan kotun yara da suka yi karatu a can sukan tsananta hukunci, kuma yara baƙar fata ne suka fi ji a jikinsu. Ku da ba ku iya cin tuwon dare idan an lallasa Arsenal, kada in ji dariyarku.

"Ai wannan na Turawa ne." Haba Malam! Hadisin Abu Bakra, a Bukhari da Muslim, ya hana alƙali yin hukunci yana cikin fushi, malaman fiƙihu kuma suka yi ƙiyasi suka haɗa da yunwa, ƙishirwa da gyangyaɗi. Sayyidina Umar ma ya rubuta wa Abu Musa cewa ya daidaita masu ƙara hatta a kallo da wurin zama.

Inda kuke da gaskiya shi ne lacca ta yini guda ba ta sauya mutum. Muna da Cibiyar Horar da Alƙalai ta Ƙasa a Abuja, wadda aka kafa tun 1991, saboda haka ba aji muka rasa ba. Abin da zai yi aiki shi ne a baje wa alƙali hukunce-hukuncensa na shekara a gabansa: mai babbar riga da mai yagaggiyar taguwa, a laifi iri ɗaya, sun tashi daidai? Idan tambayar ta harzuƙa shi, a ɗage zaman sai ya huce.