A Ƙasa Har Masko Don Tallan Hoto? Ƙwarai Kuwa

Na hango ku. Ban kai aya ba, wani ya riga ya taɓe baki yana cewa, "Malam, rage mana hanya." To a gyara zama, don yau ba ragi.

A tsaunukan arewacin Italiya, cikin yankin Trentino, akwai wani kwari da ake kira Tesino, mai ƙauyuka uku: Pieve, Castello da Cinte. Ƙasar duwatsu ce, sanyinta ba ya ƙarewa da wuri, gona ba ta ciyar da gida shekara. Mazan suka fara yawon tallan duwatsun ƙyastu na bindiga. Da wannan kasuwa ta ja baya, sai suka koma wa takarda.

"Takarda kuma?" I, Alhaji, takarda. A garin Bassano, gangaren tsaunin, iyalan Remondini sun kafa maɗaba'a tun tsakiyar ƙarni na 17, suna buga hotuna masu araha: waliyyan Kirista, dabbobi, birane, fagen yaƙi, ana shafa musu launi da hannu. Mutanen Tesino su ne ƙafafun wannan maɗaba'a. In an gama aikin gona, mutum ya shirya hotuna cikin akwatin katako, ya rataya a kafaɗa, ya kama hanya. Ya isa kasuwa ko ƙofar coci, ya baje su, ƙauyawa su yi cincirindo. Wani bazara ke dawo da shi gida, wani sai ya shekara biyu ko uku, matarsa na fama da gona da tumaki da yara.

Mai gardama na can baya ya ɗaga hannu: da wane yare suka yi ciniki a Jamus da Rasha da Sifaniya? Haba. Kai da kakanninka suka bi ayari har Gwanja sarin goro, kai ne za ka tambayi yadda falke ke ciniki a baƙuwar ƙasa? Ga shi kuma hoto ba ya neman tafinta. Tsohuwar da ba ta san harafi ko ɗaya ba ta san fuskar waliyyin garinsu. Gwanintar kawai ita ce sanin wane waliyyi ke tafiya a wace ƙasa, kada ka kai na Sifaniya inda ba a san shi ba.

Yanzu kuma na ga kun fara gyaɗa kai kuna cewa jarumai ne. Kada ku yi saurin tafi. Yawancinsu bashi ne ya sa su a hanya. Remondini na ba da kaya bashi, amma sai ka jinginar da gona ko gida a rubuce. Ruwa ya jiƙa akwati, ɓarayi su tare ka, cuta ta kwantar da kai a masauki, duk ba ruwan maɗaba'a, gonar ce za ta biya. A ganina dabarar masu maɗaba'ar ta fi ƙarfin ƙafar 'yan tallan ban mamaki: riba a Bassano, hatsari a wuyan ɗan ƙauye.

Wasu dai sun haye. Iyalan Daziaro sun buɗe kantuna a Masko da San Fitasbag, na Buffa a Amsterdam, suka tashi daga tallan kafaɗa suka zama masu buga hotuna da kansu. Katafaren gidan da Daziaro suka gina yana nan a Pieve, kuma a 2014 an buɗe gidan tarihi mai suna Per Via a ƙauyen. Ita kuwa maɗaba'ar Remondini, 1861 ta rufe.

Saura kai mai cewa hoton kwabo ba ya tayar da ƙura. Remondini sun buga hoton Ranar Hisabi, sai aka ga tambarin Sarkin Sifaniya, Carlos na Uku, ya faɗa ɓangaren shaiɗanu. Sarkin bai daɗe da korar limaman Jesuit daga ƙasarsa ba, don haka fada ta ce da gangan ne. A 1772 magana ta zama rikici tsakanin Sifaniya da Jamhuriyar Banis, wadda Bassano ke ƙarƙashinta a lokacin. Ku canki wanda aka fara damƙewa. Wani mai sayar da hotuna ne ɗan yankin Tesino, a birnin Rum, wanda ba shi ya zana ba, ba shi ya buga ba.