Dawaki 250 da Shanu Biyu

Gadon da ya faɗo mini daga mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, buta ce ta ƙarfe, da rediyo, da mota Peugeot 504 doguwa, irin wadda ake lodi da ita a tasha. Haɗin Kaduna ce, daga masana'antar Kakuri da ta fara aiki a 1975. Duk wanda ya raina Fijona sai in tuna masa cewa a waccan shekarar 'yar'uwarta ce ta cinye tseren Safari na Kenya. Abin da ba na ƙarawa shi ne, tawa in ta kai 90 sai ta kama karkarwa kamar mai zazzaɓin damina.

Muna zaune lafiya, har ranar da ƙanin matata, yaron da ni na saya masa littattafan firamare, ya wuce ni cikin Golf wajen Kwanar Dangora. Ya sauke gilas ya ce, "Yaya, ko in turo maka janwe?" Uwargida ta rufe baki da mayafi. Na tambaye ta abin dariya, ta ce tari ne.

Da kuɗin adashena ya fito, ko gida ban biya ba, sai Ƙofar Ruwa. A can injin da ya sha ruwan teku, ko daga Japan ya taso, sunansa Beljiyam. Bakanikena ya kai ni wata rumfa ya yaye buhu, sai ga dodo kwance: 1UZ-FE, injin Lexus LS400 da ta fito a 1989. Silinda takwas, lita huɗu, ƙarfin doki 250. Nawa na gado silinda huɗu ne, lita biyu ma da ƙyar, dawakinsa ba su cika 100 ba tun yana saurayi, balle yanzu da rabinsu suka tsufa suka koma jakuna.

Injin yana da akwatin giyarsa mai sauya kanta, amma kuɗina a kan injin suka ƙare. Bakanike ya ce, "Yallaɓai, rabu da ita. Giyar Fijo ƙarfen da ne. Faranti kawai za a sassaƙa mu ɗaura musu aure."

Akwai wani dattijo a bakin garejin, tsohon bakaniken Fijo da ido ya hana shi aiki, sai goro da ba da shawarar da ba a nema ba. Ya shafa injin, ya shafa motar, ya ce, "Ɗan nan, zuciyar raƙumi za ka sa wa akuya?" Na ce, "Baba, zamani ne." Ya ce shi ba dawakin yake tsoro ba, murɗa yake tsoro. Wai ƙarfin murɗawar tsohon injina wajen 160 ne a ma'aunin injiniyoyi, na baƙon kuwa 353. Giya ta ɗaya za ta ninka shi kusan sau huɗu, difaranshal na baya ya sake ninkawa kusan sau huɗu, kafin ya isa taya ya doshi 5,000. "To duk wannan ta cikin ƙarfen da aka auna wa rabinsa zai bi. Ina za shi?" Na ce gaba za shi. Ya tofar da goro ya ce, "Allah ya sa."

Wata biyu aka yi ana ɗaurin auren nan. An yanka, an buga, an yi walda, an sauya lagireto, mai waya ya kwana huɗu yana lallashin ƙwaƙwalwar injin. Amma ranar da aka tayar da ita, jama'a! Wani gurnani ta yi mai taushi, irin na attajirin da ba ya buƙatar ɗaga murya. Yaran gareji suka yi tafi. Ni kuwa na riga na hango fuskar ƙanin matata a madubi, tana ƙanƙancewa.

Kuloci ne ya fara ajiye aiki, kwana tara da tarewa. Ina hawa gadar Ƙofar Nasarawa na taka totur, injin ya amsa, motar ba ta amsa ba. Sai wani ƙauri ya cika ciki. Uwargida ta ce, "Malam, wake ka bari a wuta?" Farantin kuloci da gogayya yake riƙe ƙarfi, in ƙarfin ya fi matsin da ke danne shi sai ya riƙa sulɓewa yana cin kansa. Da aka ciro nawa, ya yi sumul yana sheƙi kamar goshin ango.

Aka nemo mai tauri, wanda taka shi sai ka yi bisimilla ka dafe sitiyari. Dattijo ya ce, "Madalla. Da kulocin ne ke shan dukan a madadin na bayansa. Yanzu ka kori mai rabon faɗa." Ban gane ba sai bayan mako uku, a hanyar Bichi, da na sa giya ta uku zan wuce tirela. Sai ji na yi kamar an zuba tsakuwa a injin markaɗe. Da aka kwance magudanar man giyar, haƙoran ƙarfe suka riƙa faɗowa cikin kwano, yaron gareji yana ƙirgawa da ƙarfi kamar mai karatun allo. Na ce masa ya isa.

A nan mai hankali zai tsaya. Ni ragunan layya biyu na sayar, na sayi akwatin giyar Toyota. Sai wata sabuwa: farfelar 504 ba a fili take ba, a cikin wani bututu take da ya haɗe giya da gindin mota, kuma baƙuwar giyar ba ta san wannan al'ada ba. Aka yanke, aka ƙara, aka yi walda da ido. Saitin ya kauce da abin da bai fi kaurin farce ba, amma da mun kai 70 sai motar ta ɗauki rawa har madubi ya faɗo mini a cinya. Aka sake. Tsugune dai ba ta ƙare ba. Ga shan mai kuma, masu gidan man unguwarmu har tashi suke yi su gaishe ni.

Daga nan fa ta zauna daram wata guda. In na fizge ta, tsofaffin tayoyin baya su yi ƙara su yi hayaƙi, yara su yi ihu. Hayaƙin nan ya riƙa ba ni haushi, gani nake ƙarfina ne ke zubewa a titi. Sai na sayi sababbin tayoyi masu faɗi. Dattijo ya zagaya su sau biyu bai ce uffan ba, shirun nan kuwa ya fi duk maganganunsa nauyi.

Ranar wata Juma'a aka sa kai lefen ƙanena Wudil, ni ne direba. Gwaggonni uku, innoni biyu, da wata maƙwabciya da ba wanda ya gayyata, ga akwatuna shida a baya. Dukansu Allah ya yi musu rufin asiri ta fuskar jiki. Motar ta durƙusa, sababbin tayoyi suka manne da kwalta kamar ƙaska.

Ranar kasuwar shanu ce, cunkoso tun kafin gada. Muna tsaye, na waiga dama, wa zan gani? Golf. Shi ma ya kwaso nasa kason matan. Ya yi mini murmushi. Hanya ta buɗe. Na cika totur, na sake kuloci gaba ɗaya.

Ƙara ɗaya aka ji, ƙwas, kamar an karya rake. Da tsofaffin tayoyi ne da sun sulɓe sun zubar da ƙarfin a hayaƙi. Waɗannan, da gwaggonni a kansu, suka ƙi motsi, sai sandar ƙarfen da ke juya tayar hagu ta murɗe ta tsinke. Shi kuwa difaranshal, halinsa ne ya tura juyi inda ya fi sauƙi, kuma babu abin da ya kai karyayyen ƙarfe sauƙin juyawa. Injin na gurnani, allurar gudu, da yake daga giya take karatu, ta nuna 60, mu kuwa muna nan inda muke, wani mai rake yana jingine da ƙofarmu.

Babbar gwaggo ta leƙo ta ce, "Kai ɗan nan, rage gudu mana, akwai masu hawan jini." Sauran suka fashe.

Golf ce ta yi sawu biyu ta kwashe mata da akwatuna. A sawu na biyu ya sauke gilas zai yi magana, na ce, "In ka ambaci janwe, sai na karɓi kuɗin littattafaina." Janwen ma ba a samu ba. Wani bawan Allah da ya sayi shanun huɗa biyu yana hanyar gida ya tausaya, aka ɗaura igiya. Haka muka ratsa gefen kasuwa, ni a sitiyari, dillalai na tambaya ko har motar aka haɗa a cinikin. Tukwicin lefe da aka raba, an aiko mini da nawa: dubulan da cincin a leda, da saƙon gwaggo cewa in ƙara a sayi mota.

Fijo ta koma kan tsohon injinta, wanda dattijo ashe ya hana a sayar, ya sa aka rufe shi da buhu tun ranar farko. Dodon kuwa yana zaurenmu, kaji na kwana a kansa. Shekaranjiya mai injin niƙan bayan layinmu ya zo ya tsuguna gabansa ya daɗe, ya ce in zan sayar yana so, nasa ba ya ja in an zuba masara da yawa.

Na ce, "Malam, bel ɗin naka wane iri ne?"

Ya ce, "Haba Alhaji, bel ɗin da ne, ba ya tsinkewa."

Na aika a kawo masa ruwa, muka shiga ciniki.