Mutanen Rukunin Gidaje Idan Wata Ya Ƙare

Duk rukunin gidajen da ke da get da maigadi, a Gwarinpa ne ko Lokogoma ko Lugbe, yana da ƙungiyar mazauna, kuma kowace ƙungiya tana da littafin bashi. Kuɗin gadi, kwasar shara, gyaran bohol, karo-karon taransifoma. Ba su taka kara sun karya ba, amma su ke fito da halin kowa.

Ga Alhaji Gobe. Motoci uku a gareji, ga fara'a, bai kuma taɓa cewa ba zai biya ba. "Haba ma'aji, wannan ɗan abin? Turo yaro gobe in Allah Ya kai mu." Allah Ya kai mu, yaro ya je, Alhaji ya tafi Umara.

Ƙaninsa Malam Na-Tura ya fi shi wayewa. Kullum ya tura, sabis ne ya riƙe. In an matsa ya nuna hoton alat a waya, ka duba kwanan wata ka ga na bara ne. Ɗan haya da mai gida kuwa ƙwallo suke yi da ma'aji: wannan ya ce yana cikin kuɗin haya, wancan ya ce ba shi ke kwana a gidan ba.

A ɗaya ɓangaren akwai Hajiya Rasit, wadda ke biyan na shekara tun Janairu, daga nan ta naɗa kanta 'yar sanda. Ita ke zuga Sakatare Tonon Silili, mutumin da ba ya jin daɗin duniya sai ya liƙa sunayen masu bashi a jikin get, da lambar gida da lambar waya, an ja musu layi da jan biro. Surukinka ya zo gaisuwa, kafin ya iso falonka ya riga ya san watanni nawa ake binka.

Nan ne Lauyan Unguwa ke tashi. Bai taɓa zama ajin lauya ba, amma ya haddace sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya. Ya ƙara da Dokar Kare Bayanai da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2023. Abin haushi, yana da gaskiya. Lambar da mutum ya ba ƙungiya don a sanar da shi taro, ba don a manna wa masu wucewa ya bayar ba, kuma takardar tuni cikin ambulan ta isa. Sai dai ka bi kundin daga bango zuwa bango, babu sashen da ya yafe kuɗin shara. Watanni goma sha ɗaya ake bin lauyan namu.

Duk wannan cacar baki, maigadi na zaune kan bencinsa yana ji. Ya san wanda ke dawowa ƙarfe biyun dare, da wadda ta yi yaji, da gidan da masu bin bashi ke yi wa sammako. Bai taɓa liƙa komai a bango ba, ga shi yana bin ƙungiya albashin wata uku.

Jama'a, ku cire takardar nan daga get, sannan kowa ya biya, a sallami bawan Allah tun bai fara ba da labari a teburin mai shayi ba.