Ilimin Tsayar da Akori-Kura: Yadda Ake Sauya Birkin Gaba a Kasuwar Shanu ta Potiskum

Birki shi ne kaɗai sashen mota da ba ya kawo wa mai ita ko kwabo, domin inji ne ke ja, taya ke gudu, bodi ke ɗaukar kaya, shi kuwa birki ba shi da aiki sai hana tafiya, kuma wannan ne ya sa masu tsofaffin akori-kura da ke jigilar dabbobi a Kasuwar Shanu ta Potiskum, a Jihar Yobe, suke kallonsa kamar baƙon da ya iso daidai lokacin tuwo hannu rabbana. Akori-kura ita ce ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya wadda maƙeranta suka yi wa lissafin kaya kimanin tan guda, lissafin da har yau kwafinsa bai iso Potiskum ba, tunda a ranar Laraba, ranar da kasuwar ke ci, ana iya ganin mota ɗaya ta fito daga kara ɗauke da bijimai uku, da tumaki a tsakanin ƙafafunsu, da buhun dusa, da dillali a kan rufi yana ƙirga la'adarsa. Dattawan wannan zuri'a su ne Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a masana'antar PAN ta Kaduna da ta fara aiki a 1975, da tsohuwar Toyota Hilux, wadda kakarta ta fito a Jafan a 1968, kuma waɗanda suka rage a kan hanya yau birkin gabansu na faifai ne, na bayansu kuma na ganga.

Kafin a taɓa sifana ya kamata a san sunayen waɗanda abin ya shafa. Faifai, wanda bakanikai ke kira dis, zagayayyen ƙarfe ne mai faɗi da ke juyawa tare da taya. Fad wasu 'yan allunan ƙarfe ne guda biyu da aka manna wa abu mai kaushi a fuska ɗaya, suna zaune sun saka faifan a tsakiya. Kalifa, wanda bai haɗa komai da halifan shehi ba sai kamannin suna, shi ne gidan ƙarfen da ke riƙe da su, kuma a cikinsa akwai fistin, wato toshiyar ƙarfen da ke tura fad ya matse faifai. Abin da ke tura fistin shi ne man birki, bisa ƙa'idar da Bafaranshen nan Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17, cewa ruwan da ke kulle idan aka matsa shi a wuri ɗaya matsin yakan isa ko'ina daidai wa daida, saboda haka ƙafar direba ɗaya, ko da silifas ke jikinta, tana iya tsayar da bijimai uku a lokaci guda, abin da kan gagari makiyaya uku da sandunansu. Gudun da birki ya kashe zafi yake komawa, kuma idan aka ninka gudu sau biyu zafin kan ninku sau huɗu. Da yake nauyin mota yakan zubo gaba idan an taka, na gaba ne ke shan wajen kashi biyu cikin uku na wahalar.

Masana sun kasu gida biyu game da lokacin da fad yake ƙarewa. Mazhabar bakanikai tana cewa sabon fad yana da nama, wato kaurin abin nan mai kaushi, kimanin milimita 10 zuwa 12, kuma idan ya sauko milimita 3 sai a sauya shi. Mazhabar masu mota kuwa tana ganin muddin motar tana tsayawa a cikin ƙaramar hukumar da aka taka birkin, to da sauran nama. Ciwon yakan fara da siririyar ƙara kamar kukan ɓera, wadda direba kan yi wa magani da ƙara muryar rediyo, daga nan sai gurnani, alamar nama ya ƙare ƙarfe na cin ƙarfe, sai kuma sitiyari ya riƙa rawa a hannu duk sanda aka taka, alamar faifai ya ci ba daidai ba. Mataki na ƙarshe shi ne wanda karen mota, wato yaron da ke bin direba, yake dirowa a guje ya jefa weji, wato guntun katako mai gangaren baki, a ƙarƙashin taya, tsarin da ke da arha ƙwarai amma yake buƙatar yaro mai zafin nama da iyayen da ba su cika tambaya ba. Abin mamaki shi ne mutumin da ba ya sayen bijimi sai ya buɗe bakinsa ya ƙirga haƙora, ya danna tozo, ya sa an zagaya da shi ya ga takunsa, shi ne zai shekara biyar bai leƙa bayan tayarsa ba, alhali dubawar iri ɗaya ce. Ana cire taya, a kalli kaurin fad, a bi fuskar faifai da farce, kuma idan farcen yana sarƙewa a cikin zane mai zurfi ko gefen faifan ya yi leɓe, to ya tsufa. Maƙera sukan buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi a jikin faifan, ko da yake a motar da ta girmi direbanta tsatsa ta riga kowa karanta rubutun.

Ba a fara wannan aiki daren Talata, domin gyaran da ake yi mai mota na tsaye yana duba agogo yana cewa gobe kasuwa, rabinsa ake yi. Safiyar Alhamis ta fi dacewa, lokacin da kara ta watse kuma kuɗin Laraba bai gama narkewa ba. Potiskum gari ne da ya yi suna da manyan motoci, don haka gareji da shagunan kayan gyara ba sa wuyar samu, sai dai a tafi da tsohon fad a hannu a gwada shi da sabo, tunda motar da ta shekara talatin tana yawo da wuya a ce duk gaɓoɓinta na haihuwa ne. Kayan iri uku ne: sabo na asali, da Beljiyam, wato wanda aka ciro daga motar da ta gama aiki a Turai, da kuma na ukun da ke cikin kwali mai kyau fiye da na asalin, wanda mai shago zai miƙo yana cewa, "Alhaji, wallahi ko ni shi nake sa wa tawa," alhali da keke ya zo shagon. Beljiyam yana da amfani a ƙofa ko fitila, amma sayen fad ɗin da wani ya riga ya cinye rabinsa daidai yake da sayen ragowar goro. Kuma ƙafa biyu ake sauyawa tare, ko da mai mota ya ce wa bakanike, "Oga, a yi na hagu kawai, na dama da sauransa," domin sabo a gefe ɗaya da tsoho a ɗaya gefen suna haifar da motar da ke sauya sheƙa duk lokacin da aka taka birki, ba tare da ta shawarci direba ba.

Sharaɗin farko na ɗaga mota shi ne a sauke shanun. Bayan haka a nemi wuri shimfiɗaɗɗe mai tauri, nesa da turaku inda kashin shanu da yashi suka yi laushi, a ja birkin hannu idan yana nan, a sa giya, a dasa weji a tayoyin baya, wanda a nan ne kaɗai littafin maƙera ya yarda da aikinsa. Ana sassauta notinan taya tun motar tana ƙasa, domin tayar da ke rataye juyawa kawai za ta yi tana bin sifana. A sa faffaɗan katako a ƙarƙashin jak don kada ya nutse, kuma da zarar motar ta tashi a tokare ta da ƙafar ƙarfe ko lafiyayyen kututture, domin jak na ɗagawa ne kawai, kuma bulon siminti, da ake yawan ba wannan amana, yakan fashe ba sallama.

Idan taya ta fita, za a tarar da ƙurar hunturu ta shekaru ta haɗu da garin fad ta yi baƙi ƙirin. Kada a hura ta da baki, domin tsofaffin fad da masu arha suna iya ƙunsar asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ke lalata huhu. A goge da jiƙaƙƙen tsumma. Sai a zare fil ko a kwance ƙusoshin da ke riƙe da fad da kalifa, a cire kalifan a rataye shi da waya a jikin mota, kada a bar shi yana lilo a kan tiyon roba da ke kai masa mai, domin tiyon da ya tsage daga ciki ba ya nuna alama sai a gangare. Kafin a mayar da fistin cikin gidansa don sabon fad mai kauri ya sami wuri, a buɗe murfin gwangwanin man birki da ke ƙarƙashin bonet, a tura a hankali da matsi ko faffaɗan ƙarfe a kan tsohon fad, ana lura kada man ya tumbatso, saboda yana cin fenti, idan dai motar tana da sauran fenti. Fistin da ya ƙi motsi ko robarsa ta yage yana neman gyaran kalifa ne, kuma guduma, duk da matsayinta na babbar likita a gareji, ba ta da fatawa a wannan babi.

Faifan ne ke da ɗan rikici, domin a irin waɗannan tsofaffin motoci ɗaure yake da ƙusoshi a jikin cibiyar taya, wadda bakanikai ke kira hob, saboda haka sai an cire hular giris, an kwance babban notin tsakiya, an zaro cibiyar gaba ɗaya tare da boris, wato zoben 'yan ƙarafan da taya ke juyawa a kansu. A nan ne ake gane bakanike na ƙwarai, domin shi yakan shimfiɗa buhu mai tsabta ya jera kowane ƙarfe bisa tsarin da ya fito, na banza kuwa yakan zubar da su a yashi, boris mai giris ya kwashi tsakuwa kamar tsire a cikin yaji, sannan ya share a gefen wando ya mayar. A wanke boris, a duba ko ya yi tabo, a cusa masa sabon giris, a kankare tsatsar fuskar da faifai zai zauna a kai har ta yi sumul, domin ɓarɓashin tsatsa kaɗan ya isa ya sa sabon faifai rawa kamar tsohon. Sabon faifai yakan zo da man da aka shafa masa don hana tsatsa, wanda dole a wanke shi tas. Notin tsakiya kuma ana ɗaure shi ne daidai yadda cibiya za ta juya ba girgiza ba ƙunci, sannan a kulle shi.

Giris kaɗan ake shafawa a fil da wuraren da fad ke zamewa, ba ya kusantar nama ko fuskar faifai, kuma naman fad ne ke kallon faifai, bayanin da mai karatu zai ɗauka zagi ne har ranar da ya ga wanda aka sa a juye. Notinan taya ana ɗaure su ne ana tsallakawa daga wannan zuwa na ƙetarensa, ba bi da bi ba, a ƙarasa bayan motar ta sauka, ba tare da karen mota ya hau kan sifana yana tsalle ba. Ƙarfen da ya yi saura a kan buhu bayan an gama ba riba ba ne, kuma kalmar nan ta "dama ba shi da amfani" ba ta cikin littafin maƙera.

Kafin motar ta motsa ko taku ɗaya, a tattaka birki sau da yawa har ya yi tauri, domin fistin da aka mayar baya yana nesa da fad, kuma takun farko har ƙasa yake tafiya babu abin da ya kama. A wajen kara, abin da ke gaban mota a wannan lokaci yawanci yana da ƙaho da mai shi. Idan an buɗe tiyo ko birkin ya zama kamar soso, iska ta shiga, sai a fitar da ita: yaro yana zaune a kujerar direba, oga yana tsugune da ƙaramar sifana a kan ɗan famfon da ke jikin kalifa, yana kira, "Buga! Buga! Riƙe!", yaro ya amsa, "Na riƙe, Oga," a buɗe famfon mai ya tsarto da kumfa, a rufe, sannan a ce, "Saki!", haka har man ya fito babu kumfa. Man da ake ƙarawa shi ne DOT 3 ko DOT 4, daga gwangwanin da ba a fasa ba, domin yana shan danshi daga iska, kuma DOT 3 da sabonsa ke jure aƙalla digiri 205 kafin ya tafasa, idan ya sha ruwa yakan sauko wajen 140. Ruwan omo, wanda wasu direbobi ke rantsewa da shi, a wajen digiri 100 yake tafasa, ga tsatsa, kuma man juye yana kumbura robobin birki ya lalata su.

Gwaji a fili ake yinsa, babu kaya, babu fasinja, can bayan gari a kan hanyar Damaturu ko ta Azare inda hanya ta miƙe, a kai gudun kilomita 50 a taka a hankali har motar ta kusa tsayawa, a maimaita kamar sau goma ana barin birkin yana shan iska, domin fad da faifai su saba da juna. Ba a gwadawa a ƙofar kasuwa, saboda saniyar da mota ta buge farashinta mai ita ke yankewa shi kaɗai, kuma a take asalinta kan koma na gidan sarauta, ga ciki wata bakwai. Bayan Larabar farko a sake duba notinan taya da yawan mai a gwangwani. Weji kuwa a bar shi a bayan mota kada a yi saurin ba mai shayi ya hura wuta, domin birkin baya, na ganga, ba a taɓa shi ba tukuna.