Jaje ga Bazazzagen da Tirela ta Zaunar

Mutumin Zazzau! Labarinka ya riga ka isowa Kano. An ce tirelar kamfaninku ta durƙushe da kai tsakanin Mokwa da Bida, ka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta ka tare, har masu sayar da doya a bakin titi sun fara tambaya ko fili za a yanka maka. Na so in aiko maka da kwanon fate ka ji daɗin bakinka, to amma wa zai kai, tunda mai motar ne a zaune?

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne garin da ka fito. Tun 1964 ake koya wa mutane tuƙa jirgin sama a Zariya. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa, NITT, a garinku take tun 1986, ana ta tururuwa daga ko'ina ana ɗibar ilimin mota da hanya. Duk wannan ya bi ta ƙofar gidanku ya wuce, ya bar ka kana kallon jar fitila a gaban sitiyari kana cewa ado ne 'yan Sin suka yi wa tirelar Howo.

Yaron motarka bai ɓoye mana komai ba. Ya ce tun daga Ilori allurar zafi ta fara hawa, ya nuna maka, ka ce a ƙyale ta, halinta ne. Kuna haye gadar Jebba fanbel ya fara ƙara, sai ka ƙaro muryar rediyo. Da tururi ya turnuƙe ka tsaya, ka sa tsumma ka murɗe murfin lagireto yana tafasa, Allah ne ya tsare maka fuska, sannan ka kwarara wa inji ruwan sanyi. Ko maƙerin ƙauye ya san ƙarfe mai zafi ba ya son wannan gatan. Gyaran da bel guda zai kashe ya koma na gasket da kan silinda. Mota ba ta mutuwa ba sallama, mutumina. Ta yi maka sallama tun daga Kwara, kai ne ba ka amsa ba.

Sai dai ko ni da nake maka dariya na san ƙullin da direban kamfani yake ciki. Mai tuƙa motar kansa in ta tsaya, bakanike zai kira, a yi ciniki, ya biya, ya kama hanya. Kai kuwa an gargaɗe ka kada ka kwance ko noti ɗaya sai da izinin ofis. Ka kira manajan sufuri, ya ce ka nemi wakshop. Wakshop suka ce turo hoto. Hoto ya je, sai a jira mai sa hannu, shi kuma yana taro. Na'urar da suka maƙala wa motar tana nuna musu daidai inda kake tsaye, amma ba ta nuna musu kuɗin hanya ya ƙare, yaron mota ya koma shan garin kwaki. In ka yi karambani ka gyara da kuɗinka, a ce rasit ɗin bakaniken bakin hanya ba ya shiga. In ka jira, mai kaya yana ta buga waya, ranar albashi kuma ka tarar an zabtare.

Shi ya sa babban makamin direban kamfani biro ne da wayar hannu, sifana tana bayansu. Ku da kuke taƙama da boko, a nan ya kamata a gani. Duk abin da ka ji ko ka gani a jikin mota, rubuta shi kafin ka bar gareji, shugaban wakshop ya sa hannu, ka riƙe kwafinka. In suka ce lallaɓa ka je ka dawo, su rubuta hakan ma. Ranar da inji ya buga a daji, takardar nan ce za ta yi maka shaida, don a ofis babu mai tuna maganar baka.

Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Zagaya motar da asuba. Duba baƙin mai da ruwa. Sunkuya ka ja zoben da ke ƙarƙashin tankin iska, ruwan da ya taru ya zube, don shi ke cin bawul ɗin birki. In iska ta sauka ƙasa da ƙima, birki zai kame tayoyi, ko Sarkin Zazzau ka kira ba za ta motsa ba. Karanta lambobi huɗun da ke gefen taya: in ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019, ta tsufa ko da zanenta bai cinye ba. Ka ajiye fanbel da filtar gas na ko-ta-kwana a bayan kujera, wurin da ka cika da ƙullin tsaki.

Batun gas kuwa, ban ce kana sayarwa ba. Na dai ji an ce 'yan bumburutun Tafa da Mararrabar Jos suna gaishe ka da suna. Tun da farashinsa ya yi tsalle a 2022, har lita ta haura naira 1,000 a 2023, jarka ta zama jarrabawa ga direbobi. Wanda ya zuƙe mai kyau ya cike gurbin da gaurayen kananzir, nozul ne zai tona masa asiri, kuma kuɗin nozul ya ninka ribar jarka. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Akwai guda da ba wasa a cikinta. In mota ta tsaya, fitar da ita daga kan kwalta iyakar iyawarka, ka sa wa tayoyi waigi, ka kafa alamar nan mai kusurwa uku nesa da bayanta. Ganyen da kuke karyowa ba ya ƙyalli da dare, kuma ƙananan motoci da yawa sun shige ƙarƙashin tirelar da ke tsaye ba fitila. Tun 1988 jami'an kiyaye haɗurra suke wannan wa'azi. In kun tashi kuma, ku kwashe duwatsu da rassan da kuka zuba, kada su zama tarkon wani.

Yanzu dai na ji an ce kan silindar sai an nemo a Kano. Madalla. Duk yawon Bazazzage, ƙarshensa kasuwar Ƙofar Ruwa. Ka taho da tsohon a hannu a gwada, ka san bambancin sabo da ɗan Beljiyam da jabun da aka shafa wa fenti, ka karɓi rasit mai hatimi, ka mayar wa ofis tsohon ƙarfensu kada a ce ka sayar wa 'yan gwangwan. Zan raka ka don kada a ji harshenka a ninka maka kuɗi.

Ladan rakiyata ba shi da yawa: kuɗin sharar bara da ka gudu da shi, da na bana tun kafin watan Cika-ciki ya kama. In ka ce sai ofis ya sa hannu, to ka turo hoto.