Yadda Za Ka Ciyar da Kwikwiyon Mudir da Ɗanyen Nama a Sabha Ba Tare da Kai Ka Rame Ba

Idan Allah ya kai ka Sabha ta Libiya, ka tsallake Dirku da Madama da Gatrun da ranka, har ka samu aikin gadi a wata gona bayan gari, to ka zauna da shiri. Wata rana da la'asar mudir, wato maigidanka, zai tsaya da Toyota, ya sauko da kwali, cikin kwalin kuwa kwikwiyo ne. Zai gaya maka wannan ba irin karnukan bolar unguwar Gurda ko Mahdiyya ba ne, ɗan asalin Jamus ne, kuma ya gani a Facebook cewa Turawa sun daina bai wa karnukansu dafaffen abinci, sai ɗanyen nama. Kafin ka buɗe baki ya tayar da ƙura ya tafi. To ɗan'uwa, wannan nasiha taka ce.

Fara da kwantar da hankalinka ta wajen addini, don kada ka kwana kana juyi. Mutanen Libiya Malikawa ne irinmu, kuma malamai sun yi rangwame a kan karen gadin gona da na kiwo da na farauta. Abin da ya rage naka shi ne ka ware masa kwanonsa, ka rataye naka a sama. A garin da ruwan famfo ke zuwa in ya ga dama, wanke kwano sau bakwai ba wasa ba ne.

Yanzu sai asalin wannan yayi, don in mudir ya yi maka ƙaryar boko kai ma ka samu abin mayarwa. Wani likitan dabbobi ne ɗan ƙasar Ostiraliya, Ian Billinghurst, ya fitar da littafi a 1993 yana cewa kare jikan kyarkeci ne, kyarkeci kuwa ba ya hura wuta, saboda haka a ba kare nama da ƙashi yadda Allah ya yi su. Maganar ta yi daɗin ji, ta bi duniya. Sai a 2013 masana a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin suka duba ƙwayoyin halitta, suka gano cewa kare, saboda daɗewarsa a gindin murhun ɗan Adam, ya fi kyarkeci iya narkar da hatsi nesa ba kusa ba. Wato karen kakarka na ƙauyen Maraɗi, wanda ya girma da ƙanzo da ragowar tuwo har ya kama zomo, ba ya cikin jahilci, Turawan ne suka makara. Karnukan Buzaye na Azawak ma, masu gudun nan da ba a kamo su, gero da nono ne yawancin cimarsu.

Amma mudir ya ce ɗanye, kuma shi ke biyan albashi. To ga lissafin da masu wannan ɗariƙa suke bi: kashi 80 cikin 100 tsoka, kashi 10 ƙashi mai laushi, kashi 10 kayan ciki, rabinsu hanta. Kwikwiyo mai tasowa kan ci tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jikinsa kullum, a raba masa sau huɗu yana ƙarami, sau uku in ya ɗan tasa, sau biyu bayan wata shida. Ɗauki alƙalami. Mai kilo 5 zai iya tashi da rabin kilo a yini. Kafin ka ankara ya kai kilo 15, abincinsa ya doshi kilo guda. Je wurin mahauci ka tambayi kilon naman rago dinari nawa, ka ninka sau 30, ka ajiye kusa da albashinka. In hawaye ya zo, ka ce iskar gibli ce ta watsa maka yashi a ido.

Shawara mai muhimmanci a nan: kada ka taɓa auna masa nama da yunwa a cikinka. Ci makaroninka da kifin gwangwani tukuna, ka sha shayi, ka yi hamdala, sannan ka ɗauki wuƙa. Mudir bai san ya ba kura ajiya ba, kai kuwa ka sani, kuma Allah na gani.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ga ana son kare sai a riƙa zuba masa tsoka zalla, jawur, babu ƙashi. Tsoka cike take da sinadarin fosfaras, kalsiyam kuwa kaɗan ne a cikinta. Jikin kwikwiyo na gina ƙashi dare da rana, in bai samu kalsiyam a kwano ba sai ya kwaso daga ƙasusuwansa. Cikin 'yan watanni ƙafafu su gwame, ƙashi ya yi laushi har ya karye don ya yi tsalle daga bayan mota. Ran nan mudir ba zai tuna da Facebook ba, kai zai tuna. Shi ya sa ake haɗawa da wuyan kaza ko fukafukinta, a niƙa in kwikwiyon ƙarami ne. Dafaffen ƙashi kuwa haramiyarsa ne, don yana tsagewa ya yi tsini ya huda hanji. Ƙashin ƙafar raƙumi, wanda mahauci zai ba ka kyauta yana murmushi, haƙori yake karyawa. Hanta ma in ta yi yawa guba ce, saboda bitamin A da ke taruwa a jiki.

Sai maganar ajiya. Littattafan Turawa suna cewa a saka naman a firji, a fitar da na yini ɗaya kawai. Madalla. Wanda ya rubuta haka bai taɓa yin watan Yuli a yankin nan na Fazzan ba, inda zafi ke haura digiri 40, wutar lantarki ta ɗauke tun hantsi, janareto na nan amma man yana hannun 'yan bumburutu. Naman da ya yi awa uku a wannan yanayi ya zama gidan biki ga ƙwayar cutar salmonela. Babban kare na iya shanyewa, kwikwiyo kuwa gudawa za ta kwantar da shi, kai da ka taɓa naman ka ci burodi ba ka wanke hannu ba ka bi bayansa.

Duk waɗannan ƙananan alhaki ne. Babbar magana tana cikin kayan ciki, kuma a nan zan rage raha. Mahauta a Libiya sun saba ganin wasu ƙullutai farare cike da ruwa a huhun raƙumi da hantar tumaki. Abin da aka saba yi shi ne a yanke wurin a jefa wa karnuka. Wannan ruwan cike yake da kawunan wata tsutsa da likitoci ke kira Ekinokokus. Kare ya ci, tsutsar ta zauna a hanjinsa, tsawonta bai wuce 'yan milimita ba, shi kuwa garau, yana kaɗa wutsiya. Bayan kimanin mako shida sai ya fara zubar da ƙwayayenta a bayan gidansa. Ido ba ya ganinsu. Suna manne wa gashinsa, su hau latas da tumatirin gonar da kake gadi, su shiga ruwan da tumaki ke sha. Mutum ya haɗiya, sai irin wancan ƙullutun ya tsiro masa a hanta ko huhu, yana girma a hankali shekara da shekaru ba ciwo ba zazzaɓi. Kana iya gama zamanka, ka koma Damagaram ko Kano, ka gina ɗaki, ka yi aure, sannan likita ya ɗora maka na'ura a ciki ya ce sai an yi aiki. Libiya na cikin ƙasashen Arewacin Afirka da wannan cuta ta yi kaka-gida, kuma ranar babbar salla, da kowane gida ke yanka a tsakar gida yana watsar da abin da ba ya so, ita ce ranar walimar tsutsar.

Ƙasar Niyu Zilan, mai tumaki fiye da mutane, ta sha wannan wahala. Ta kafa doka a 1959, ta hana ba kare ɗanyen kayan ciki, ta tilasta ba karnuka magani, sai a 2002 ta iya shelar cewa ta rabu da cutar. Shekara arba'in da uku ke nan, a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa. Ƙa'idarsu mai sauƙi ce: kayan ciki a tafasa su aƙalla minti 30. Saboda haka in mudir ya kawo huhu da hanta a leda, jira motarsa ta sha kwana, ka ɗora tukunya. Wanda ka ga ƙullutu a jikinsa kuma ba na tukunya ba ne, na wuta ne ko rami mai zurfi. Romon da ya rage a tukunya fatawarsa na wurin malaminka, ni ban ce komai ba.

Kada tausayi ya sa ka juye masa ragowar makaronin mubakbaka. Albasa da tafarnuwar da ke ciki suna lalata jinin kare. Inabi da zabibi na kashe ƙoda, cakulan guba ce gare shi, ƙwallon dabino kuma, wanda ke ko'ina a gonakin Sabha, yana iya toshe hanjin ƙaramin kwikwiyo.

Saura yadda za ka shawo kan mai kare. Kada ka ce masa ya yi kuskure, ba a haka da mai biyan albashi. Ce masa: “Ya Haj, kare mai daraja irin wannan ai sai likita.” Ku kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar ciwon hauka da ya cika wata uku, a rubuta masa maganin tsutsa mai suna Praziquantel, a riƙa maimaitawa yadda likitan ya tsara. Bari likitan ya faɗa masa maganar tafasa da bakinsa, da Larabcinsa. In duk da haka Haj ya kafe sai ɗanye, to ka amince, amma da sharaɗi: ya kawo firji, ya kawo janareto, ya kawo mai, kuma firjin a ɗakinka za a ajiye shi.