Wa Ya Ce Gyaran Gangar Auzinawa Ne?

Na ga Alhaji ya fara taɓe baki tun ban ce komai ba. Wai yau kuma tarihin akwala za a ba mu? Gyara zama, ranka ya daɗe, akwalar nan ta ci kofin da ya fi ka tsayi.

Tun shekarun 1930 samarin kudancin Kaliforniya a Amurka, waɗanda aljihunsu bai kai sabuwar mota ba, suke sayen tsohuwar Ford, su rage mata nauyi, su ƙara wa injin ƙarfi, su tafi busassun tafkunan hamadar Mojave irin su Muroc su gwada gudu. Ita ake kira hot rod. Sai dai wasunsu ba sa iya haƙurin kaiwa hamada, a titin gari suke tsere, har sunan ya koma zagi a jaridu.

Me kika ce, Hajiya? Da ma 'yan iskan gari ne? To ai irin wannan magana taki ce ta haifi baje kolin motocin. Da ƙungiyarsu ta SCTA ta gaji da gori, sai a watan Janairun 1948 ta jera motocin a zauren National Guard Armory da ke Los Angeles, kowa ya zo ya leƙa inji ya ga aikin hannu. A wurin ne wani matashi, Robert Petersen, ya yi tallar fitowar farko ta mujallar Hot Rod.

A 1950 Al Slonaker ya buɗe nasa baje kolin a Oakland, ya girke kofi mai tsawon ƙafa 9 don motar da ta fi kyau. Bill Niekamp ya lashe da Ford ƙirar 1929. Lissafa, Alhaji: shekararta 21 ta zama sarauniyar kyau. Taka 'yar Kwatanon ko rabin haka ba ta kai ba, kullum tana gareji.

Masu son ado kuma suka ce a bar wa masu tsere gudu. A 1952 'yan'uwa biyu, Sam da George Barris, suka sa wa Mercury ƙirar 1951 ta Bob Hirohata zarto, suka rage tsayin rufinta, suka kai ta baje kolin Motorama. Na san ka dafe ƙirji. Mai ita ne da kansa ya biya a yi. A 1953 'yan Detroit suka fara baje kolin Autorama don tara kuɗin gina filin tsere, su bar wa jama'a titi.

Har yanzu kana cewa ɓarnar kuɗi ce? Shi dokin da ka lulluɓe da kayan ado a hawan sallar bara, gudu ya ƙara? Kai ma so kake a tsaya a kalla, Alhaji. Naka dai ciyawa yake ci.